Sikana ta ce ba kowa, sai ga Astero a kaina: ina nake kuskure?

Heron_Na_Uku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa matuƙa. Wata biyu ke nan da na fara wasan jiragen sararin samaniya na EVE Online, kuma sunan da kuke gani a sama ba ado ba ne, Heron ɗina na uku nake ciki yanzu, ƙaramin jirgin nan na neman kango. Na farkon ni na kai shi mahallaka da hannuna, na faɗa kangon da Sleeper, maƙiyan da wasan ke sarrafawa, ke gadi ban tsaya na karanta sunan wurin ba, wannan ba na ƙorafi a kansa. Na biyun ne ya tsaya min a rai.

Shekaranjiya da dare na tono rami, wato ɓoyayyar hanyar da ke kaiwa wani sistem ɗin taurari daban, a wani sistem na haisek, yankin da ya fi tsaro, na shiga. Na yi wa bakin ramin alama kamar yadda aka koya min, na watsa 'yan lalube takwas, ƙananan na'urorin gano ɓoyayyun wurare, na samu kangon kayan tarihi irin wanda babu ɓeraye, wato 'yan fashin da wasan ke sarrafawa, a ciki. Akwati biyar. Kafin in taɓa ko ɗaya na buɗe sikanar shiyya, mai nuna abin da ke kewaye da jirgi, wadda kowa ke ce wa diskan, na ja zangonta har ƙurya, 14.3 AU, na buɗe ta digiri 360. Duk sanda na danna ɗigo uku ko huɗu a wasan fasa akwati sai in taɓa V, maɓallin da ke sa ta sake dubawa. Na rantse ban yi sakaci ba, har yatsana ya fara ƙagewa. Kuma duk dannawar da na yi abu ɗaya take nuna min: akwatunan da ke gabana, sai wani gini can nesa. Jirgi ko ɗaya babu.

Na fasa biyu, kaya sun kai wajen ISK miliyan 40 na kuɗin wasan, wanda a wurina dukiya ce. Ina tsakiyar na uku kawai sai ga jirgin wani matuƙi, Astero, ya tsiro a gefena, bai fi kilomita 7 ba. Kafin in rufe tagar wasan in lalubo inda zan gudu, ya sa min dabaibayi mai hana jirgi tserewa, ya sako min 'yan duron ɗinsa, ƙananan jiragen yaƙi marasa matuƙi. Jirgina ya fashe. Na tsaya ina kallon allo baki buɗe har ya haɗa da ƙwan da matuƙi ke zama a ciki, na farka a tasha. Abin da ya fi ba ni haushi ma, sai ya rubuto min a lokal, tagar hirar waɗanda ke cikin sistem, wai in ci gaba da ƙoƙari.

Jiya kuma wani ɗan ƙungiyarmu ya ba ni jirgin Vexor don in huce, na tafi losek, yanki mai ƙarancin tsaro, kashe ɓeraye a irin wuraren nan da ba sai an lalubo su ba. Ni kaɗai ne a lokal. Can sai suna ɗaya ya ƙaru. Na danna V, ba komai. Na sake, ba komai. Na ce to mai wucewa ne. Minti ɗaya bai cika ba sai ga jirgin Curse ya sauka, ya zuƙe min wutar jirgi tas, ko na'urar gyara ta kasa juyawa. Shi wannan ban ma ga alamar ya fito daga layar zana, na'urar ɓoye jirgi, ba, saukowa ya yi kamar kowane jirgi.

To ni tambayata: in sikana ba za ta nuna wanda zai kashe ni ba, amfanin me take yi? Ko akwai wani saiti da ban sani ba? Ina kan asusun Alpha ne, wato na kyauta, don haka kada wani ya ce in sa layar zana, ba ni da ikon koyonta.

Tsohon_Ɗan_Rami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Jirgi biyu ka rasa amma cutar ba ɗaya ba ce, don haka bari in raba maka su.

Kafin nan, je ka duba min abu ɗaya. A tagar sikanar akwai inda ake zaɓar rariyar da take tace sakamako da ita. Wace rariya ce a kai? Na tambaya ne don ka ce ka watsa 'yan lalube takwas, ba ka ce ka janye su ba, amma kuma ka ce akwatuna da gini kawai kake gani. In naka na waje kuma suna cikin zango, ya kamata su fito a jerin. In naka ba su fito ba, na wani ma ba za su fito ba. Ina kyautata zaton ka bar sikanar tana bin shafin da kake kai na obabiyu, jerin abubuwan da ke kusa da jirginka, shafin kuma na kwasar kaya ne. Yawancinmu mun taɓa yin wannan. Ka keɓe mata rariyarta daban, ka sa jirage duka, 'yan lalube iri biyun, duron, ɓaraguzan jirage, kumfar tarko mai hana tserewa, da kayan da ake kafawa a sarari. Ka cire duniyoyi da wata da duwatsu don kada su cika maka ido.

Yanzu ga abin da ba a faɗa wa sababbi da wuri. Diskan ba ƙararrawa ba ce. Hoto take ɗauka na daƙiƙar da ka danna, shi ke nan, kuma sai ka jira kamar daƙiƙa 2 kafin ta yarda ta ɗauki wani. Abin da ya faru tsakanin hoto da hoto ba ruwanta. Zangon nan na 14.3 AU kuma yana da girma a baki, tunda AU ɗaya wajen kilomita miliyan 150 ne, nisan duniyarmu da rana.  Amma sistem da yawa sun fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Mutum zai iya zama a ɗaya gefen yana shirya maka komai ba ka ganinsa. Jiragen kamu masu sauri suna yin 8 AU a daƙiƙa in sun miƙe a wuf, wato gudun ƙetare sistem, rage gudun sauka ne kawai ke cin lokaci. Daga sanda irinsu ya faɗo cikin zangonka zuwa ya tsaya a kanka, a abin da na saba gani da wuya ya wuce daƙiƙa 10. In kana dannawa sau ɗaya a rabin minti, to sa'a kake gwadawa.

Astero ɗinka kuwa, yana cikin jiragen da ke iya yin wuf da layar zana a jiki. Duk jirgin da ke cikin laya ba ya fitowa a diskan, ba ya fitowa wa 'yan lalube, ba saitin da zai canza wannan. Sai dai mai laya ba aljani ba ne, akwai lokutan da dole ya nuna kansa. In ya ƙetaro rami, wasan na ba shi ɓuya ta daƙiƙa 60, amma da ya motsa za ta faɗi, kuma kafin tasa layar ta kama akwai daƙiƙa ɗaya ko biyu da yake fili. In zai watsa 'yan lalube dole ya cire laya. Su kuma 'yan laluben ba su da laya, muddin suna cikin zangonka za ka gan su. Waɗannan ƙananan kafofin su kake farauta da V ɗinka. Ba jiran ganin jirgi tsaye kake ba, jiran wani abu kake ya ƙyafta sau ɗaya ya ɓace. Ranar da ka ga Astero ko Stratios ko Loki ya fito a hoto ɗaya, a na gaba babu shi, kada ka ce ya tafi. Laya ya sa.

Shi ya sa ni da na sauka a sistem, abin da nake fara yi shi ne haddace hoton farko. Gini nawa, jirgi nawa, akwai ɓaraguzai ko babu. Ɓaraguzan Sleeper na nufin wani ya yi yaƙi a nan bai daɗe ba, don ba sa wuce awa biyu a sarari. Daga nan duk abin da ya ƙaru ko ya ragu a kan hoton farko shi ne labari. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai taga ta biyu da ba ka ambata ba, ta 'yan lalube. Ka bar ta a buɗe ko da ka janye su. Duk sabuwar alama da ta tsiro a sistem za ta fito a jerin da kanta, da harufanta uku da lambobinta uku. A cikin rami, sabuwar alama sau da yawa K162 ce, ma'ana wani ya buɗo rami daga wancan gefen zuwa inda kake, kuma ba don ya gaishe ka ya buɗo ba. Ni wannan tagar ta cece ni fiye da yadda diskan ta yi.

Lokal kuwa ka manta da shi a rami. Tun da aka kawo ramukan nan a Maris 2009 da sabuntawar wasan mai suna Apocrypha haka aka gina su, sunanka ba ya fitowa sai ka yi magana. Mutanen nolsek, yankin da babu tsaro, sun ɗanɗana irin rayuwarmu a 2019, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da aka kashe musu lokal. Mu muna gefe muna dariya, don abin da suke kuka a kai shi ne kullum ɗinmu.

Batun Curse gajere ne. Jirage huɗu ne a ajinsa: Curse, Rook, Huginn da Lachesis. Tun Janairu 2015 aka ba su baiwar cewa diskan ba ta ganinsu sam, ba tare da wata laya ba. 'Yan laluben yaƙi ne kawai ke kama su. Amma a nan kana da abin da ba ka da shi a rami, lokal ya gaya maka mutum ya shigo. Suna ya ƙaru, sikana wayam, kai kuma kana wurin da kowa zai iya danna wuf ya sauka ba tare da ya lalubo ba. Wannan shirun shi ne gargaɗin. Da ka juya hancin Vexor ɗinka wajen tasha ka ja duron ɗinka a lokacin, da yanzu yana nan.

Heron_Na_Uku ya amsa:

Malam, na duba. Wallahi kamar kana bayana. Sikanar tana bin shafin da na sa wa suna “kaya”, kuma babu 'yan lalube a cikinsa ko iri ɗaya. Wato awa guda na yi ina danna V a kan rariyar da ta toshe abin da nake nema. Na gyara yanzu.

Amma in ce ko da na gyara tun farko, da zan gan shi?

Mai_Layar_Zana ta amsa:

Ba lalle ba. Ni irin aikin da aka yi maka shi nake yi kusan kullum, don haka bari ka ji daga bakin mai farauta, ƙanena. Ba ni ce na kashe ka ba dai, ban fita shekaranjiya ba.

Tsoho ya ce ka jira ganin 'yan lalube. Gaskiya ne, amma malalacin mafarauci kawai wannan ke kamawa. In na samu rami mai kango biyu ko uku masu kyau, tun ba kowa nake lalube su duka, in yi wa kowanne alama, in yi wata alamar kamar kilomita 200 daga akwatunan, in janye 'yan lalubena, in sa laya in zauna. Zan iya yin awa biyu a haka ina wani aikin a ɗaya allon. Kai da za ka shigo, ni na riga ka. Babu sabuwar alama, babu 'yan lalube, babu ƙyaftawar jirgi. Ina kallonka ka sauka, ina kallonka ka fasa na farko. Ba na taɓa mutum a akwatin farko, me zan samu a cikinsa? Sai ya tara min kaya, hankalinsa kuma ya nutse a wasan. Na uku ko na huɗu nake zuwa. Ka ga lissafin ya yi daidai da naka.

To me ya rage maka? Daƙiƙu biyar zuwa shida. Duk jirgin da ya cire irin layarmu sai na'urorinsa sun farfaɗo kafin ya iya kama ka a saiti. Asalin jinkirin daƙiƙa 10 ne, ƙwarewa ke rage shi, wanda ya kai ƙarshen karatun yana jiran 5. Bayan nan ga lokacin kamun kansa. Heron da ba a yi masa nauyi ba zai iya barin wurin a cikin wannan tazarar, in dai hannunka ya riga tunaninka. Kai ka ce ka tsaya rufe taga, ka tsaya neman inda za ka. A nan ka mutu, ba a sikana ba. Tagar wasan ba ta hana ka wuf, bar ta a buɗe. Tun kafin ka fara fasa akwati ka zaɓi inda za ka gudu, ya zama yana nan a zaɓe, dannawa ɗaya ta rage. Ka ja obabiyu ɗinka kusa da tagar wasan yadda in sabon layi ya fito idonka zai gani ko ba ka duba ba.

Jirgi na shiga wuf ne in hancinsa na kallon inda za shi kuma gudunsa ya kai kashi 75 cikin 100. In kana tsaye cak, duk inda ka zaɓa lokaci ɗaya ne. In kana kewaya akwati da injin ƙarin gudu a kunne, ka ƙara wa kanka nauyi, ka ƙara min daƙiƙu. Na fi son masu kewayawa. Ka matsa cikin kilomita 5 da na'urar fasa akwati ke kaiwa, ka kashe injin, ka tsaya. Kuma ka sani ni ma ina da iyaka: in na kusanci wani abu ƙasa da mita 2,000 layata za ta faɗi, dabaibayin kusa kuma ba ya wuce kilomita 9 in ba an yi masa dabara ba. Dole in lallaɓo tsakanin tarkacen kangon in shigo wannan tazarar, kuma ba sau ɗaya ba wani guntun ƙarfe ya tona min asiri tun ina nesa.

Banda guda: masu bam, wato Manticore, Hound, Purifier da Nemesis. Su ba su da jinkirin nan, da cire laya da kamu duk ɗaya ne. In ɗayansu ya zo da dabaibayi, sai dai haƙuri.

Tunda sikana ka tambaya, bari in nuna maka ɗaya fuskarta, don kai garkuwa ka ɗauke ta, ni kuwa da ita nake nemo ka. Na shigo sistem, na danna a 360, na ga Vexor da duron biyar da ɓaraguzai. Na san kana aiki. Sai in riƙa rage zango: a 10 AU kana nan, a 5 babu kai, to kana tsakani. In buɗe taswira in ga wuraren ɓeraye nawa ne a wannan tazarar. Sai in matse mazurarin zuwa digiri 5, in riƙe V in danna kowane wuri ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka fito a cikinsa, nan kake. Mazurarin kyamara yake bi, ba hancin jirgi ba, sababbi da yawa na ruɗewa a nan. Matakan 5, 15, 30, 60, 90, 180 da 360 ne, amma ni uku kawai nake amfani da su. Wanda hannunsa ya faɗa, duk wannan rabin minti ne. Mai Curse ɗinka abin da ya yi ke nan a cikin mintin da kake cewa mai wucewa ne.

In kuma kana wurin da ba ya kan taswira, sai in koma ga 'yan laluben yaƙi. A jerinka sunansu zai fito da kalmar Combat, na neman kango kuma da Core. Ka koyi bambanta su da ƙyaftawar ido. Core na iya zama ɗan'uwanka mai neman abinci. Combat jirgi ake nema da su, kuma in kai kaɗai ne a sistem, to ka san wa ake nema. Ba na watsa su a gabanka. Nesa da zangonka nake zuwa in sake su, in gano inda kake da diskan, in jera su a taswira, in turo su zagaye ɗaya, in janye. Ba za su yi daƙiƙa 10 a hotonka ba.

Abu na ƙarshe, canza sunan jirginka. Diskan ba ta nuna sunan matuƙi, nau'in jirgi da sunan jirgi kawai take nunawa. Amma wasan da kansa yake laƙa wa sabon jirgi sunan mai shi. Da na gani sai in kwafe in duba ka a zKillboard, shafin da ke adana tarihin jiragen da aka kashe, in ga wata biyu ne da fara wasanka, in ga yadda ka haɗa Heron ɗin da ya mutu. Ka ba ni komai kyauta.

Mahaƙin_Dutse ya amsa:

Ni dai ina ganin kuna neman ku firgita yaron nan ya bar wasan. Heron nawa yake? Kango ɗaya mai kyau zai sayi goma. Ka ɗauke shi kamar harsashi, ka riƙa komawa tasha kana sauke kaya da sun ɗan taru, shi ke nan. Wanda ya fita da miliyan 40 ya ajiye ya fi wanda ya tara 200 ya kai wa Hajiya mai laya.

A haisek inda nake haƙa, matsalar ma akasin taku ce. In na buɗe 14.3 AU jirage sittin zan gani, ba abin da zan fahimta. Ragewa nake zuwa 2 ko 3 AU, in sa ido kan abu ɗaya: jiragen Catalyst da yawa a tare. In na ga huɗu ko biyar sun fito lokaci guda ba na tambayar ina za su. CONCORD, rundunar 'yan sandan wasan, hukunci take yi, ba kariya ba, kuma a sistem mai matakin tsaro 0.5 ta fi jinkirin zuwa. Haka in kana cikin wurin da sai an bi ƙofar cilla ake shiga, rage zangon zuwa ƙasa da 1 AU ya fi amfani, don duk wanda ya fito a nan ka san a bakin ƙofarka yake, ba wucewa yake ba.

Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar sa manhajar da za ta riƙa danna maka V. Dokar wasan ta hana, rufe asusu ake yi a kai.

Tsohon_Ɗan_Rami ya amsa:

Mahaƙi, maganar sauke kaya na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta cewa jirgi harsashi ne kuma, da sauƙin faɗa ga wanda ya tara. Kuma halin da ya koya a Heron shi zai kai cikin jirgin miliyan 500 wata rana.

Rage zango a rami kuwa ban ba shi shawara ba. A can jirgi ɗaya ma labari ne, gara ya gan shi tun daga nesa. Ni a 14.3 nake zama, sai na ga wani abu nake ragewa zuwa 5 in ga ko matsowa yake, sannan 1. In ya fito a 5 ban jira na 1 ba.

Na manta ban faɗi wani abu ba ɗazu. Akwai na'urar da ake kafawa, Mobile Scan Inhibitor, tana ɓoye duk abin da ke cikin kilomita 30 da ita daga diskan da 'yan lalube. Ita kanta tana fitowa. In ka gan ta, ka ɗauka rundunar da ba ka iya ƙirgawa ce a ƙarƙashinta. Sannan ka yi wa kanka maɓoya a duk sistem da za ka daɗe: kana tsakiyar wuf tsakanin duniyoyi biyu ka danna Ctrl da B ka ajiye wurin. Nan za ka gudu, ba rana ba, ba bakin ramin da ka shigo ba, don nan ne farkon inda za a tare ka, wani lokacin da jirgin Sabre da kumfarsa. Tunda ba ka da laya, kada ka zauna a maɓoya ɗaya. Yi biyu ko uku kana tsalle tsakaninsu kana duban Combat.

Heron_Na_Uku ya amsa:

Na gode ƙwarai, Malam, da Yaya mai laya, da Mahaƙi. Ga rahoton daren jiya.

Na sake shiga wani ramin. Na canza wa jirgin suna zuwa ɗigo ɗaya. Na yi maɓoya biyu kafin in watsa komai, na rubuta alamomin da ke sistem ɗin a takarda, guda tara. Hoton farko: gini biyu, babu jirgi, babu ɓaraguzai. Na samu kango mai akwati shida. Na tsaya cak a mita 4,000 da kowanne, maɓoyata a zaɓe, obabiyu manne da tagar wasan. Gaskiya fasa akwati da ido ɗaya a wani wurin akwai wuya, na ɓata ɗaya har ya fashe.

Ina kan na huɗu sai na ga jerin alamomi ya zama goma. Na danna V, ba komai. Na sake, ba komai. A na uku sai ga Stratios. A na huɗu babu shi.

Ban rufe taga ba, ban ƙarasa akwatin ba ko da yake saura ɗigo kaɗan in kai ga zuciyarsa, kuma na leƙa cikinsa tun farko na san shi ya fi sauran kaya. Na danna wuf. Hannuna har rawa yake. Daga maɓoya ta farko na ga 'yan laluben Sisters Core takwas sun fito, na koma ta biyu, na jira, na sauka kilomita 100 daga bakin ramina na duba, ba kowa, na koma na dawo a kansa na fice. Miliyan 31 na kai tasha.

Abin da ke cina shi ne Core ya watsa, ba Combat ba. Wataƙila shi ma kango ya zo nema, na bar masa akwati biyu da rabi a banza. Yaya, a ganinki da na tsaya?

Mai_Layar_Zana ta amsa:

Kango ake lalubowa da Core, kai kuma a cikin kangon kake. Me zai yi da Combat? Ni ma Core nake watsa wa masu Heron.

A wane sistem ramin yake? Tambaya kawai nake.